Neman Fuskar Yayana a Riyad

Ana kiran assalatu muka tashi daga Zariya, ni da wani abokina da muke sana'ar ɗab'i tare a Sabon Gari. Ko hula ban gama sawa ba sai ga 'yar yayana ta yi sallama, hijabi har ƙasa, riƙe da robar dambun nama. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta miƙo robar, sannan ta ce, "Baffa, ni ba turare nake so ba, ba doguwar riga ba. Abin nan dai." Na ce mata in sha Allahu. Na faɗa da ƙarfi, kamar wanda abin yake aljihunsa.

Ku da kuka dame ni da saƙo tun da na dawo, wai ina hotuna, ina tsaraba, ina labarin Saudiyya, to ga labarin. Amma sai na fara gaya muku abin da yarinyar nan take nufi da "abin nan", in ba haka ba za ku ɗauka inji kawai na je gani.

A ƙarshen shekarun tamanin, lokacin da ƙananan littattafan Hausa suka cika kasuwa kowa yana rubuta soyayya, yayana ya ce shi littafin zane zai yi, irin na Turawan nan masu tashi sama da mayafi a baya, amma da jarumin gida. Ya raɗa masa suna Ɗan Maƙera. Saurayi ne da ƙarfe ba ya kama shi, yana ɗaura warki, yana riƙe guduma, yana tsalle daga soro zuwa soro yana bin ɓarayin shanu da masu ɓoye hatsi. Mu uku ne a aikin. Yayana ke rubuta labari, amininsa da muke kira Mai Zane yana zanawa, ni kuma ina kan inji. Da aka zo fuskar jarumi, Mai Zane ya ce ba zai wahalar da kansa ba ga fuska a gabansa kyauta. Sai ya zana yayana sak: wushiryarsa, da tabon girarsa ta hagu, da yadda yake karkata baki in zai yi dariya. Har yara sukan bi shi a titi suna kiran sunan jarumin, shi kuwa yana kumbura kamar gaske.

Ba mu daɗe ba. Takarda ta yi tsada, bidiyo ya shigo ya kwashe mana yaran, sannan yayana ya yi hatsari a hanyar Funtuwa ya je kai littattafai. Ya bar matarsa da ciki. Mai Zane ya kasa zaman garin, ya tattara ainihin zanen hannunsa duka a kwali ya tafi Saudiyya neman aiki. Hoton yayana guda ɗaya ne a duniya, don mutum ne da ba ya tsayawa gaban mai hoto, kuma yana ɗakin mahaifiyarmu damina ta rushe ɗakin da shi. Littattafan da muka buga kuwa, gara ta ci nata, masu tsire da masu ƙosai suka naɗe saura. Na yi shekaru ina cigiya, ko bango ɗaya ban samu ba. Za ku ce to ni fa, ba ƙanensa ba ne? Wallahi ina tuna muryarsa da tafiyarsa, amma in na rufe ido fuskar ba ta tsayawa. Wushirya ta zo, tabo ya zo, sai su ƙi haɗuwa. Yarinyar da aka haifa bayan rasuwarsa yau an sa ranar aurenta, kuma abu ɗaya ta roƙa: ta ga fuskar ubanta, ta sa a firam ta rataya a ɗakinta.

Hanyar Kano ba sai na ba ku labari ba, kun san ramukanta fiye da ni. Abokina ya yi barci tun kafin Kwanar Dangora, bakinsa a buɗe. Shi lissafinsa ɗaya ne, wani tsohon injin buga kala huɗu da aka ce ana sayarwa a Riyad, kuma ta dalilin injin nan muka samu bizar kasuwanci. Da ta Umara ce ba mai barin mu mu leƙa Riyad. A filin jirgi aka buɗe robar dambun, jami'i ya shinshina, ya ɗiba ya ɗanɗana wai yana bincike, ya sake binciken har sau biyu. Muka yada zango a Alƙahira, muka yi zaman kujera har bayanmu ya ƙage, sannan muka sauka Riyad da hantsi.

Zafin garin nan ba irin namu ba ne. Namu yana sa gumi, nasu busar da mutum yake yi. Wanda ya zo tarbarmu wani direba ne ɗan Maraɗi, siririn mutum mai yawan magana, yana tuƙa wa wani gida mota, uban gidan ya yi tafiya ya samu sarari. Ya karɓi jakata ya ce, "Alhaji, yalla, mu tahi. Nan garin ba a tahiya da ƙahwa, sai mahaukaci." Tituna ga faɗi ga santsi, amma duk inda muka nufa an tone tsakiya an kewaye da katanga, wai hanyar jirgin ƙasa ake ginawa. Sai ka hango inda za ka, direba ya yi ta zagaye da kai har ka manta me ka fito yi.

Ya sauke mu a Nasim, gabashin gari, a wani gida da 'yan Najeriya ke haya, ƙasa maza zalla. Unguwa ce babba, gidaje duk kalar ƙasa, katangu dogaye, ba ka ganin kowa a waje sai kyanwa. Da safe ana sayo wani faffaɗan burodi da suke kira tamis da dafaffen wake da man zaitun, kuɗinsa bai kai na shayi da ƙwai a Sabon Gari ba, kuma mutum uku sai su ƙoshi. Da rana shinkafa da kaza a faranti ɗaya, ba yaji ko na magani. A nan dambun yarinyar nan ya yi rana, mutanen gidan suka yi masa taron dangi. Hirarsu kuwa ɗaya ce kullum: iƙama, wato takardar izinin zama, da kafili, wato Balaraben da takardar take hannunsa. Wane kafilinsa mutumin kirki ne, wane nasa ya riƙe fasfo, wane iƙamarsa ta mutu yana ɓuya. Wani yaron gidan sama da aka haifa a can na gaishe shi da Hausa, ya amsa mini da Larabci, ubansa ya ji kunya ya ce wai yana ji, mayarwa ce ba ya iyawa.

Maganar inji ba ta ɗauke mu lokaci ba. Mun je mun gani, an wanke shi an shafa masa mai yana ƙyalli, amma da na sa hannu a ƙarƙashi na ji haƙoran sun cinye. Na ce wa abokina wannan ya girmi aurena. Ya yi fushi, ya ci gaba da ciniki shi kaɗai, ni kuwa na ja direba gefe na ce ga ainihin abin da ya kawo ni. Lambar Mai Zane da nake da ita ta daɗe da mutuwa. Abin da na sani kawai, ya taɓa aiki a wani shagon rubuta alluna a Dira.

Dira ita ce tsohon gari, kuma nan ne kaɗai na ji kamar ina cikin mutane. Ga wata tsohuwar fada ta ƙasa da suke kira Masmak, an gyara ta tsaf, ta tuna mini da ganuwarmu da muka bari ana ɗibar ƙasarta ana yin bulo. Ga lunguna cike da masu turaren wuta da darduma da alkyabba. Muna cikin tambaya aka kira azahar, kafin ka ce me duk an ja ƙofofi ƙasa, kasuwa ta yi tsit. Muka bi sahu muka yi salla.

Bayan salla, a layin masu tsofaffin kaya, tsakanin butocin gahawa da rediyoyin da suka daina magana, idona ya faɗa kan wasu littattafan zane, kowanne a cikin ledarsa. Na tsaya cak. Jarumawan Turawan nan ne, amma maganarsu da Larabci. Mai shagon dattijo ne, ya ga na tsaya, ya ce ta bakin direba wai a Bairut ake buga su yana yaro, har sunayen Larabawa ake sa wa jarumawan, kuma ubansa ya sha dukansa a kansu. Na tambayi kuɗin guda ɗaya. Da ya faɗa, direba ya kama baki ya ce, "Takarda ɗai ce hwa, Alhaji!"

Ni ban yi mamaki ba, don yayana ya sha cika mana kunne da tarihin abin nan muna naɗe shafuka. Yakan ce a Amurka aka fara, gab da babban yaƙin duniya na biyu, kuma waɗanda suka ƙirƙiro jarumawan ba wasu manya ba ne, samari ne 'ya'yan baƙin haure, ana biyan su shafi-shafi, wasu suka sayar da jarumawansu a banza suka tsufa cikin talauci kamfani yana ta kwasa. Ana bugawa a kan mafi arhar takarda, yara su karanta su yar. Bayan yaƙi iyaye da hukuma suka taso wai littattafan na lalata tarbiyya, har aka riƙa tarawa ana cinna musu wuta. Ainihin zanen hannu kuwa kamfanoni da yawa zubarwa suke yi don ya cika musu wuri. Shi ya sa ɗan abin da ya tsira ya zama zinariya. In ya kai nan sai ya ɗaga shafi ɗaya na Ɗan Maƙera ya ce namu ma wata rana a leda za a riƙa sa shi. Mukan yi masa dariya. Na tsaya a shagon dattijon nan ina jin muryarsa raɗau, fuskar dai ba ta zo ba.

Shagon allunan mun same shi a wani lungu, amma yanzu na'ura ce ke yanka haruffa, ba mai riƙe buroshi. Wani Basudane da ya daɗe a wurin ya gane wanda muke nufi. Ya ce ai tun da na'ura ta zo kafilinsa ya mayar da shi sito a Sulai, kuma ya ji an ce ba shi da lafiya.

Sulai tana kudu maso gabas, kuma ba Riyad ɗin da kuke gani a hoto ba ce. Sito ne bayan sito, garejoji, manyan motoci, ƙura da warin baƙin mai. Ba bishiya ko ɗaya. Muka yi ta tambaya daga shagon kayan masarufi zuwa masallaci, har wani ɗan Damagaram mai dako ya ce ya san tsohon, ya shiga gaba muka bi shi. Gidan ma'aikata ne, takalma jibge a ƙofa, gadaje masu hawa biyu, na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga a cikin bokiti. Lokacin la'asar ta wuce, mutanen ɗakin ba su dawo daga aiki ba.

Yana zaune a gadon ƙasa da carbi a hannun hagu. Da a titi na gan shi da na wuce. Mutumin da na sani ƙato, mai dariya har da buga cinya, ya koma ƙashi da farin gemu, hannun dama a kwance kan cinya kamar ba nasa ba. Ya daɗe yana kallona, sannan bakinsa ya karkace ya ce, "Injiniya? Kai ne ka yi wannan tumbin?" Ba wanda ya kira ni da sunan nan tun rasuwar yayana. Na durƙusa na riƙe hannunsa, na ce, "Yaya, ni ne." Muka yi kuka mu biyu, direba ya fita waje wai zai duba mota.

Hawan jini ne ya buge shi, ɓarin dama ya shanye. Iƙamarsa ta mutu, kafilin ya rasu, 'ya'yan kafilin ba su kore shi ba kuma ba su sabunta ba. Mutanen ɗakin ke ciyar da shi. Ya sa mai dakon nan ya kawo shayi, muka shiga tuna baya: ranar da jar tawada ta ƙare muka buga bango da shuɗi yara suka ce Ɗan Maƙera ya yi sanyi, da ranar da wani maƙeri na gaske ya zo har shago yana faɗa wai ba haka ake riƙe guduma ba. Na tambaye shi wane aiki ya yi a sito duk shekarun nan. Ya ce kaya ne ke zuwa daga waje, sabulu, man gashi, kayan wasan ruwa, a jikin kwalayen akwai hotunan mata hannu a waje, gashi a waje. Kafin a kai shago sai an bi da baƙin alƙalami an shafe. "Kafili ya ce tunda ni mai zane ne, hannuna ba ya fita layi. Kwali dubu nawa, Allah kaɗai ya sani." Na yi dariya, na ce lallai an samu gwani. Shi bai yi ba.

Sai na gaya masa abin da ya kawo ni. Na ce yarinyar da aka haifa bayan tafiyarsa ta girma, za ta yi aure, ba ta taɓa ganin ubanta ba. Na ce ko shafi ɗaya ya ba ni ya isa.

Ya ci gaba da jan carbinsa. Can ya ce, "Hoton nan na ɗakin Inna fa?"

Na ce ai damina ta tafi da shi tun tuni.

Carbin ya faɗi daga hannunsa. Ya nuna ƙarƙashin gado da haɓa, na jawo kwalin. An naɗe shi da leda, an zuba kafur, gara ba ta taɓa ko gefe ba. Na ɗaga shafin farko. Ga Ɗan Maƙera a kan soro, ga warki, ga guduma, ga jijiyoyin hannu, ga kasuwa a ƙasa da rumfunanta, layin tawada kamar jiya aka ja. A inda fuska take, baƙin ƙwai ne mulmulalle.

Na ɗaga na biyu. Haka. Na uku, haka. Na fara fizgowa da sauri, na zube su a ƙasa, ina neman inda ya yi mantuwa. Jama'a, mutumin nan bai taɓa mantuwa a aiki ba. Ɓarayin shanu ba fuska, mai shayin da ke can baya wanda kansa bai kai ƙwayar wake ba shi ma an ɗiga masa. Har jaki bai tsira ba. Kuma duk da hannun hagu ya yi, amma ko ɗaya bai fita layi ba.

Ban san sanda na ɗaga murya ba. Na ce, "Yaya, me ka yi haka? Wa ya sa ka? Naka ne kai kaɗai?" Na faɗi maganganu da bai kamata a faɗa wa mara lafiya ba, har direba ya leƙo ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, bawan Allah na." Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba, ji nake kamar an sake aiko mini da labarin hatsarin nan.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, a hankali saboda harshen ba ya juyawa sosai, ba wanda ya sa shi. Ya ce da ciwon ya kwantar da shi, ba abin da yake gani sai kabari. Ya daɗe yana jin karatu a masallacin unguwa kan masu zana abu mai rai da tambayar da ke jiran su. Ya san malamai sun saɓa, ya ji masu sassauci, amma wanda yake kwance shi kaɗai da rana kowa ya tafi aiki ba sassauci yake ji ba. Ya kasa ƙonawa, don aikin mu uku ne. Sai ya yi abin da hannunsa ya saba. Ya fara kaɗan-kaɗan, ya gama a azumin da ya wuce.

"Na bar fuskar yayanka har ƙarshe," in ji shi. "Sai da na gama da kowa. Kowace ɗaya sai na ce masa ya yafe mini kafin in rufe. Ni a zatona hoton nan yana nan. Injiniya, wallahi da na san babu, da na bar wa yarinyar nan guda ɗaya, in an tambaye ni in amsa."

Azumin da ya wuce. Lokacin ina Zariya ina bin takardun biza daga ofis zuwa ofis.

Na miƙa masa biro da bayan wata takarda, na ce to ya zana mini yanzu, ko da hagun, ko yaya ta fito. Ya karɓa. Ya daɗe yana kallon takardar. Ya ja layi ɗaya, ya tsaya, ya ja wani ya karkace. Hagu ta iya cike da'ira, ba ta iya fitar da mutum. Kuma na lura ba hannun ne kaɗai ya tsaya ba, idonsa yana yawo a kan takardar irin yadda nawa yake yi in na rufe ido. Ya ajiye biron ya ce, "Halas, shi ke nan. Ta tafi."

Na kwashe shafukan na mayar cikin kwali. Ya ce in tafi da su, shi yanzu ba nauyinsu a kansa. Na roƙe shi ya yafe mini ɗaga muryar, na yi masa maganar komawa gida, na ce za mu nemi hanya ta ofishin jakadanci. Ya ce gida wurin wa? Iyaye sun rasu, bai yi aure ba, a nan aƙalla akwai masu miƙo masa ruwa. Na bar masa abin da ya sawwaƙa. Muka fito muka shiga mota, sai da muka kusa Nasim direba ya ce, "Allah shi jiƙan maza."

Sauran kwanakin ban san yadda suka wuce ba. Abokina bai sayi injin ba, ya sayi dabino da agogo. An kai mu wani dogon bene mu ga gari daga sama, na ga fitilu da tituna, ban ji komai ba. A filin jirgi jami'i ya sa na buɗe kwalin, ya ɗaga shafi biyu, ya ga aikin da aka yi musu, ya gyaɗa kai ya ce, "Tamam," wato ya yi daidai. Shi kaɗai ne a duk tafiyar nan kwalin ya yi wa daɗi.

Daga Kano zuwa Zariya kwalin yana kan cinyata, ina ta tunanin abin da tafiyar ta koya mini, kuma ba mai daɗi ba ne. Ni mai ɗab'i ne, na tashi da imanin cewa abin da aka buga ba ya ɓata. Mun buga fuskar mutumin nan har ba mu san adadi ba, ta shiga Gusau, ta shiga Maraɗi, ta shiga jakar kowane ɗan makaranta. Saboda tana ko'ina, ba wanda ya ajiye. Ni na dogara da kwalin Mai Zane, shi ya dogara da hoton ɗakin Inna, Inna ta dogara da katangar ƙasa. Na nemi wanda zan ɗora wa laifi na rasa. Ba zan iya cewa tsoho mai jin tsoron Ubangijinsa ya yi ta'adi ba, kuma ba zan iya cewa bai yi ba. Kullum ana ba da labarin littattafan da suka tsira aka sa su a leda. Irin namu sun fi yawa, kuma ba mai ba da labarinsu don ba abin da za a nuna.

Na so in huta kafin in aika wa 'yar yayana, amma ta ji ƙarar mota. Ta shigo tsakar gida ko gaisuwar kirki ba ta iya yi ba, idonta yana kan kwalin. Na ce ta zauna. Na gaya mata komai, ban rage ba. Ta ce, "To, Baffa." Ta buɗe da kanta.

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda ba. Can sai ta tashi ta koma inda rana take, ta riƙa ɗaga kowane shafi sama tana ƙanƙance ido, ko layin ƙasa zai nuna ta cikin baƙin. Na riga na gwada wannan a Nasim da fitilar waya, shafi-shafi, baƙi ne a kan baƙi. Ban hana ta ba. Matata ta kawo abinci ya huce a wurin.

Da rana ta yi sanyi ta zauna, ta zaro bangon fitowa ta farko, inda yake tsaye ya ɗaga guduma. Ta daɗe tana kallo.

"Baffa, haka kafaɗarsa take?"

Na ce haka take.

"Da hannun?"

Na ce har yatsun.

Ta goge ƙurar gefen da bakin hijabinta, ta ce wannan za ta sa a firam. Na ce haba 'yata, a ɗakin amarya, baƙi suna shigowa su ga wannan baƙin abu? Ki bari in sa a zana miki wani abin. Ta girgiza kai, ta rungume takardar a ƙirji.

"Ai dai shi ne a ƙarƙashi," in ji ta.